Zauren da Ba Shi da Baya

Idan ka tambayi Manase Fifita labarin wani zauren biki a yammacin Sydney, daga Blacktown har Campbelltown, zai ba ka shi tiryan-tiryan, amma ta baya. Zai faɗa maka inda famfo yake, da ko ƙasar wurin tana haƙuwa ko duk siminti ce, da inda iska take kai hayaƙi da hantsi, da wane maƙwabci ne ke kiran 'yan kwana-kwana da zarar ya hango gawayi ya yi ja. Ka ce masa, to cikin zauren fa, wane launi ne labulensa? Sai ya sosa ƙeya ya yi 'yar dariya. Bai sani ba.

Ba laifinsa ba ne, haihuwa ce ta zo masa a haka. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, mata shida suka sa shi a tsakiya, kuma a wajenmu 'yan Tonga namiji a gaban 'yar'uwarsa ƙasa yake, ko da kuwa shi ya goya ta. Ranar da ɗanta ko 'yarta ke aure, kawu ba shi da kujera. Wurinsa bakin wuta ne. Ya haƙa ramin umu, murhunmu na cikin ƙasa, ya gasa duwatsu, ya jera doya da rogo da ƙunshin ganyen gwaza, ya rufe, sannan ya zauna yana juya alade a jikin sanda har fatar ta yi ƙaras-ƙaras. Matan nan shida kuwa, Allah ya yi musu albarka, ba su yi rowar haihuwa ba. Tun Manase yana da baƙin gashi yake aurar musu da 'ya'ya, yau ga shi ya doshi sittin, gwiwoyi suna ƙara idan ya miƙe, idanu kullum jajur kamar mai shan wani abu, alhali ko sigari bai taɓa kaiwa baki ba. Litinin zuwa Juma'a yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito mai sanyin ƙanƙara, Asabar kuma yana gaban garwashi. Matarsa Kalolaine takan ce ita mijinta daskarar da shi ake yi duk mako, a narkar da shi ran Asabar.

'Yarsu ɗaya ce tal, Losaline, ma'aikaciyar jinya. Da ta kawo Sitani gida, wani direban bas mai shiru-shiru, aka sa rana, sai mutane suka fara taya Manase murna da cewa a ƙarshe dai zai ga cikin zaure. Uban amarya ai ba ya taɓa wuta, aikin 'yan'uwan uwarta maza ne. Sai dai Kalolaine ɗan'uwa ɗaya gare ta, shi ma ya rasu a Vava'u, can gida Tonga, tun Losaline tana firamare. Su kuma zaratan 'ya'yan 'yan'uwansa, waɗanda ya sha hayaƙi a bikinsu ɗaya bayan ɗaya, a bikin gidansa su ne manyan baƙi, ba wanda ya isa ya miƙa musu shebur. Haka al'adar take, ba ta mayar wa mutum abin da ya bayar ta hanyar da ya bayar da shi. Kowa ya san wannan lissafin, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba.

Ɗaurin auren ba a yi gardama a kansa ba, a cocinsu za a yi da safe. Inda za a ci a sha a yi rawa shi ne magana. Duk Asabar ɗin da Manase ba shi da wuta, sai su ɗunguma su uku a tsohuwar motarsa, Losaline a gaba da waya tana nuna hanya, Kalolaine a baya tana fifita da takardar waƙoƙin coci. Da an tsaya, mata su nufi ƙofar gaba, shi kuma ƙafarsa ta ɗauke shi ta zagaya da shi baya ba tare da ta yi shawara da shi ba.

"Nase! Ina ka shige kuma?" Mu da sunansa muke kiran uba, kuma Losaline ta iya jan sunan nan idan ranta ya ɓaci.

"Ga ni nan, Line. Zo ki ga ƙasa. Yashi ce zalla, da cokali ma sai ka haƙa ta. Ga famfo, ga inuwa."

"Zaure muka zo dubawa ko gona muka zo saya?"

"Cikin ya yi?"

"Ka shigo ka gani da idonka mana."

"In ya yi muku ai ya yi mini."

Kalolaine ta leƙo ta taga ta ce, "Ƙyale shi. Wannan ranar da ya mutu ma sai an sa masa mai gadi, in ba haka ba ya fito daga akwatin ya je ya duba ko doya ta nuna."

Haka suka yi ta yawo har zafi ya shigo. Wani wurin aka ce musu ba a yarda a shafa man kwakwa a yi rawa ba, zai ɓata darduma. Wani wurin suka ce a kawo musu adadin baƙi, mu kuwa ba a ƙirga mana baƙi, duk wanda ya ji labari ya zo da iyalinsa da tukunyarsa. Waɗannan dai sun kori kansu. Amma akwai wurare masu kyau da sauƙi, da faffaɗan fili a baya, waɗanda Manase ya yaba har yana tafa hannu, kuma duk wanda ya yaba sai Losaline ta samo masa aibi. Wannan yana warin gumi. Wancan ginshiƙi ya tsaya a tsakiya. Na uku banɗakinsa ya yi nisa. Manase bai lura da komai ba, shi dai ya san ya gaji. Yakan dawo gida ya zauna a cikin mota a ƙofar gareji, injin a kashe, ya daɗe bai iya fitowa ba.

Magana ta fara yawo a coci cewa yarinyar nan ta zama Baturiya, wurin namu ya yi mata kaɗan. Ranar wata Lahadi bayan an tashi, Ilaisaane ta yanke hukunci a bakin ƙofa, a gaban kowa. Ita ce babbar yayar Manase, ita ce fahu, wadda za ta zauna a sama da kowa ranar bikin, kuma maganarta a kan 'ya'yan ƙanenta ba a mayar da ita.

"Yawon me kuke yi kamar marasa gida? Ga zauren coci nan. Ramukan da ke bayansa ma Manase ne ya haƙa su. A yi a nan."

Manase ya sunkuyar da kai ya ce to. Losaline kuwa ta shige mota ta ja ƙofa da ƙarfi.

Asabar ɗin da ta biyo baya Losaline ta ce saura wuri ɗaya, daga shi ta haƙura. A Fairfield ne, a saman wani bene, ƙasansa masu sayar da katifa da gadaje. Mai wurin wani tsoho ne ɗan Labanon mai suna Butros, gajere mai fara'a, wanda ya tarbe su da gahawa tun kafin su gama hawa. Ya ce ƙasan filin rawar katako ne, su shafa man da suka ga dama. Ya ce su shimfiɗa tabarminsu tun daga bakin matakala. Abinci kuwa nasa ake ci, daga kicin ɗinsa, ba a hura wuta a wurin.

Manase ya bar su suna magana, ya bi jikin bango yana neman baya. Ya tura wata ƙofar ƙarfe, sai ga shi a kan matakalar gudun gobara. Ya leƙa ƙasa. Kwalta ce, da manyan kwandunan shara, da katangar layin dogo. Ƙasar da za ta cika tafin hannu babu. Gwiwarsa ta ce ya zauna, ya zauna. Can sai ƙofar ta sake buɗewa, Losaline ta fito ta zauna kusa da shi.

"Nan za a yi," in ji ta.

"Line, babu inda za a haƙa."

"Na gani. Shi ya sa."

Ya juyo ya dube ta. Ita layin dogon take kallo.

"Kin ji dai abin da gwaggonki ta ce."

"Na ji. Nase, tun ina 'yar mitsitsiya nake rawa a bikin 'ya'yan su gwaggo. Na Mafi na yi, na Seini na yi, babu wanda ban yi ba. Kowace rawa ina juya hannu ina satar kallon ƙofa. Ka taɓa gani? Ko sau ɗaya?"

"Ina jin kiɗan ta bango. Ina gane naki, tafin ya fi yawa."

"Ta bango." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Wannan ita ce ta ƙarshe. Daga ita na zama matar wani, ba ni ba rawar 'yan mata. Ni alade bai dame ni ba, doya ba ta dame ni ba, ko biredi da shayi aka ba mutane su ta shafa. Duk wurin da ke da fili a baya na san inda zan neme ka. Nan kuwa sai dai ka je ka zauna da kwandon shara."

Jirgi ya wuce a ƙasa, suka jira ya gama ƙararsa. Kunya ce ta kama Manase, irin wadda bai taɓa ji ba, domin shi duk shekarun nan a ganinsa hidima yake yi wa iyalinsa, bai san akwai mai duba ƙofa ba. Bayan kunyar kuma sai tsoro, domin ya san wurin wa za shi da wannan maganar. Ya ce, "To."

Sai da ya kwana biyu yana juya abin kafin ya tafi Mount Druitt. Ya tarar da Ilaisaane a falo tana ninke tabarmin biki, 'yarta Mafi tana taya ta. Bai shiga ciki sosai ba. Ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa ya tanƙwashe ƙafa, yadda yake yi a gabanta tun suna yara.

"Saane, yarinyar nan ta ga wani wuri."

"Na ji. Bene. A kan masu katifa."

"Tana so."

"Kai fa?"

Tun da aka haife shi ba ta taɓa yi masa wannan tambayar ba. Da ƙyar ya ce, "Ni ma ina so."

Ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Ilaisaane ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Ita ta biya masa kuɗin jirgi ya zo ƙasar nan, ita ta yi jinyar uwarsu har ta rufe mata ido. Amma mace ce da ba ta san ana barin abu rabi ba.

"To, a ba ta benenta," in ji ta. Manase ya fara sauke numfashi. "Amma 'yar ƙanena ba za a aurar da ita da shinkafa da cinyar kaza kamar marainiya ba. Dangin yaron nan daga Auckland za su zo. Su koma su ce me? Mafi, kira mini mai benen."

Mafi ta kira, ta buɗe muryar wayar kowa yana ji. Butros ya saurara, sannan ya ce a ƙa'idarsa ba ya yarda da abincin waje, amma wallahi dattijon nan da ya zo ran Asabar ya shiga ransa, ya tuna masa da mahaifinsa. Su gasa abinsu a wani wuri su kawo, su hau da shi ta matakalar baya, shi bai gani ba. Alheri mutumin ya yi, kuma alherin ne ya gama da Manase.

Nan take Ilaisaane ta tsara komai. Akwai wani dattijon coci mai gona can bayan Camden, a can za a haƙa. Samarin ƙungiyar mawaƙan coci za su yi aikin. "Sai dai ka san su," ta ce tana ci gaba da ninki, "fata a ƙone, ciki ɗanye. Ka ɗan leƙa su kawai."

Da ya kai labarin gida, Losaline ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dawo daga aiki ke nan, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ja kujerar kicin ta zauna ta dafe goshi.

"Wato na ɗauke ka daga bayan bango na kai ka bayan gari."

"Leƙawa kawai aka ce."

"Nase, don Allah. Ni ce fa." Ta sauke hannu daga goshi. "Da na sani da zauren cocin na bari. Ko ba komai ka ji ta bangon."

"Kafin a buga kiɗanki ina kan kujera. Na yi miki alkawari."

"Kalo, kin ji shi," ta ce wa uwarta. Kalolaine ta ce ta ji, kuma idan ya saɓa da hannunta za ta tura shi cikin ramin ta rufe da ganyen ayaba.

Ranar bikin, leƙawar ta fara tun kafin gari ya waye. Samarin sun zo da son aiki da rashin sani, sun tara duwatsun da ke fashewa a wuta, sai da ya sauya su. Da hantsi ya watsa ruwa a bakin famfon gonar, ya sa fararen kaya, ya figi mota zuwa coci. Ya riƙe hannun Losaline ya kai ta gaban fasto, turaren da Kalolaine ta fesa masa yana kokawa da ƙaurin hayaƙi. Ana cewa amin, jama'a suka fita ɗaukar hoto, shi kuma ya sake kama hanyar Camden. Aka buɗe rami, aka loda, aka biyo cunkoson Asabar a hankali don kada kaya su zube. A Fairfield kuma sai ga matakalar nan ta ƙarfe, mai kwana-kwana, da dogayen katakon da aka jera aladu a kai. Shi ya riƙe ta ƙasa, inda nauyin yake, sawu bayan sawu, har aka gama.

Amma ya cika alkawari. Kalolaine ta ja shi banɗaki ta goge masa wuya da jiƙaƙƙen tawul, ta ɗaura masa tabarmar ƙugu, ta tura shi. Ya ratsa zauren mutane suna kiran sunansa suna mamaki, ya zauna a babban tebur, a kujerar uban amarya.

Ashe haka ciki yake. Fitilu suna reto daga sama, ga furanni, ga Ilaisaane can a kan tarin tabarmi ta hakimce. Kujerar tana da laushi, bayansa ya nutse a ciki. Wata iska mai sanyi tana sauko masa a ƙeya. Fasto ya yi addu'a mai tsawo, wani dattijo daga dangin ango ya tashi ya yi jawabin da ya fi addu'ar tsawo, wani ma ya karɓa. Manase yana ta murza ido yana gyara zama.

Sai aka buga kiɗan. Zauren ya yi tsit, sannan ya ɗauki guɗa. Losaline ta fito, jikinta yana sheƙi da man kwakwa, gashin tsuntsu a kanta, ta tsaya a tsakiyar katakon ta haɗe gwiwa ta ɗan rusuna. Ta ɗaga ido ta same shi, ta yi murmushi. Hannayenta suka fara juyawa a hankali. Manase ya ga hannun mahaifiyarsa sak, yadda take yi a tsibirinsu na Ha'apai suna yara, wani daɗi ya cika masa ƙirji har ya ji idonsa ya yi nauyi. Ya ce bari ya ɗan lumshe shi ya kore ƙwallar.

Tafi ne ya tashe shi. Kowa yana tsaye, kiɗan ya ƙare, mata suna tsince takardun kuɗin da aka manna wa amarya suka zube a ƙasa. Losaline ta nufo teburin tana haki, ta dafa shi da hannu biyu ta sunkuyo.

"Ka gani?"

Ya buɗe baki zai yi ƙarya.

"Kada ka wahalar da kanka. Kalo ta ɗaga gwiwar hannu za ta zungure ka, ni na girgiza mata kai." Tana dariya, amma idonta ya cika taf. "Har baki a buɗe, Nase. A gaban dangin Auckland."

"Farkon na gani, Line. Wallahi farkon na gani. Hannunki..."

"Mafi ta ɗauka a waya. Ka gani a gida."

Sai ƙawayenta suka zo suka janye ta za a sauya mata kaya. Daga ƙofar kicin wani ya ɗaga murya, wai a turo Manase ya zo ya nuna yadda za a yanka naman. Ya dafa tebur zai miƙe. Ilaisaane, daga kan tabarminta, ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Ku nemi wani. Ku bar shi ya huta."

Ya koma ya zauna. Barcin ya tafi gaba ɗaya, idonsa biyu tar. Ya zuba wa filin rawar ido, inda wata ma'aikaciyar Butros ta durƙusa da tsumma tana goge man kwakwa daga jikin katako.